Ruwan wankin kuza, dalma da zinari: wace hanyar tacewa ta dace da wurinku?

Wanda ya bi ta Bukuru, Rayfield ko Barikin Ladi da rani ya san yanayin. A sama masu loto suna wanke kuza, ruwan yana gangarowa ja-wur, ƙasa kaɗan kuma mai lambu ya jefa tiyo yana ja zuwa kabeji da dankalin turawa. Tun farkon shekarun 1900 ake haƙar kuza a tsaunukan Jos, kuma kududdufan da kamfanoni suka bari sun zama ruwan noman rani, ruwan shanu, wani wurin har da wanka da wanki. Saboda haka ƙungiyar masu haƙa da ta tashi tace ruwanta, maƙwabtanta take karewa tun kafin a zo maganar hukuma. Tambayar da ake yawan yi ita ce wane inji za a saya. Amsarmu ita ce inji shi ne abu na ƙarshe, kuma a wurare da yawa ba a ma buƙatarsa.

Abin da ke raba hanyoyin tacewa shi ne yadda ƙarfen yake a cikin ruwan. Ko dai yana manne da ƙwayoyin laka, ko kuwa ya narke kamar gishiri a miya. Na farko kwanciya yake so. Na biyu ko shekara ruwan ya yi a tsaye ba zai kwanta ba, ido kuma ba ya ganinsa: ruwa zai iya yin garau alhali cike yake da dalma. Dutsen kuza da na kolombayit ba sa narkewa da sauƙi, don haka matsalar wankin kuza yawanci laka ce. Wuraren dalma da tutiya irin na Zurak a Wase daban suke. Duwatsun can haɗe suke da farar wuta, dutsen dalmar ma shi ne wanda ake niƙawa a yi kwalli. Idan akwai pairait a tare, dutsen nan mai ƙyalli kamar zinari, iska da ruwa na haɗuwa da shi su haifar da tsami, tsamin kuma ya narkar da dalma, tutiya da kadmiyam, wani ƙarfe mai guba. Wurin zinari kuwa yana da nasa ƙarin, wato zaiba, wadda masu aikin ke kira makuri.

Gwaji biyu ke warware wannan. Na farko takardar auna pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, mai arha: 7 tsaka-tsaki ne, ƙasa da 5.5 alamar tsami ce da ya kamata a ji tsoro. Na biyu a ɗebi ruwa kwalba biyu a wuri ɗaya a kai ɗakin gwaji, a nemi su tace ɗaya da matata mai ƙananan idanu ƙwarai, ta maikron 0.45, su bar ɗayar yadda take, su auna dalma, tutiya, kadmiyam, gubar asenik, baƙin ƙarfe da ƙarfen manganis a kowace. Idan wadda ba a tace ba ta nuna ƙarfe mai yawa, tatacciyar kuma kaɗan, tafkin kwanciya zai yi muku yawancin aikin. Idan lambobin sun yi kusa da juna, ƙarfen a narke yake. A Jos akwai Jami'ar Jos da Cibiyar Bunƙasa Ƙarafa ta Ƙasa da za a iya tuntuɓa. A yi gwajin sau biyu, da rani da kuma bayan ruwan farko na Afrilu ko Mayu, domin gishirin da ya taru a kan tulin ƙasar haƙa duk rani ruwan farko ne ke wanke shi gaba ɗaya. Don ku san inda kuka dosa, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga ruwan sha ita ce dalma da asenik kada su wuce miligiram 0.01 a lita, kadmiyam 0.003. Ga ruwan ban-ruwa, jagorar Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da kadmiyam 0.01, tutiya 2, asenik 0.1.

Tafkunan kwanciya da maido da ruwa

Wannan ita ce hanyar da kowane wuri ke buƙata, ko me za a ƙara a bayanta. A ɗauka injinku yana jan lita 20,000 a awa, kuna aiki awa 8, wato lita 160,000 a rana. Tafkin da zai riƙe ruwan yini guda zai kai tsawon mita 18, faɗin mita 6, zurfin mita ɗaya da rabi, a ƙara rabin mita a sama saboda ruwan sama. Tsawon ya ninka faɗin sau uku, mashiga a wannan ƙarshen, mafita a wancan. Kuskuren da aka fi yi shi ne a haƙa rami zagayayye a sa mashiga kusa da mafita, sai ruwan ya yanke hanya ya fice cikin minti kaɗan, sauran tafkin yana zaune a banza. Mashigar ta zubo a kan tulin duwatsu don ƙarfin ruwan ya mutu, mafitar kuma ta ɗebi ruwan sama-sama ta kan faffaɗan katako ko bututu mai gwiwa.

Uku a jere sun fi babba guda. Ƙaramin farko yana kama yashi, ana kwashe shi duk mako. Na biyu na laka ne. Daga na uku ake mayar da injin ya ja ruwa zuwa wurin wanki, kuma nan ribar take: ruwan da kuka maido ba ku sake shi cikin rafi ba, ba ku kuma ƙona man jawo sabo daga nesa ba. A daɓe ƙasan da yumɓu mai kaurin santimita 30, hawa-hawa ana kirɓawa, ko a shimfiɗa baƙar robar tafki mai kaurin milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Tampol na kasuwa rana na cinye shi cikin ɗan lokaci. A haƙa lambatu ta gefen tudu don ruwan sama ya kewaye tafkunan, domin Jos na samun ruwan da ya kai kimanin milimita 1,400 a shekara, kuma ruwan Agusta guda ɗaya zai iya kwashe lakar wata shida ya kai rafi. A kuma yi shinge. Kududdufan kuza sun ci yara da yawa a Filato.

Yumɓun Filato yana da taurin kai, wani ko kwana uku ya yi ruwan na nan kamar kunu. Nan alimun ke shigowa, amma ba da ka ake zuba shi ba. A narkar da giram 10 a lita ɗaya, kowane mililita ya zama miligiram 10. A jera kwalabe biyar na lita ɗaya cike da ruwan wankin, a zuba mililita 2, 4, 6, 8 da 10 da sirinji, a motsa da ƙarfi minti ɗaya, a hankali minti 15, a bar su rabin awa. Mafi ƙarancin da ya ba da ruwa garau shi ne ma'auninku. Idan na mililita 6 ne, giram 60 ke nan ga kowace lita 1,000, kilo 9.6 a rana ga wurin da muka misalta. In aka zarce, ruwan ya sake gurɓacewa, ya kuma yi tsami, domin alimun na saukar da pH. Garin ƙwayar zogale ma yana kwantar da laka, sai dai ruwan yakan yi wari idan ya kwana biyu, kuma tara abin da zai ishi lita 160,000 kullum ba ƙaramin aiki ba ne.

Layim ko dutsen farar ƙasa

Idan ƙarfen a narke yake, hanyar da aka fi gwadawa a duniya ita ce a ɗaga pH har ƙarfen ya koma gari ya kwanta. Layim, wato farar ƙasar da aka ƙona aka kashe da ruwa, irin wanda gidajen ruwa ke amfani da shi, shi ne mafi arha. Kowane ƙarfe da matakin da yake sauka. Baƙin ƙarfen da ya sha iska yana sauka tun daga pH 4, jan ƙarfe wajen 8.5 zuwa 9, tutiya da dalma wajen 9 zuwa 10, kadmiyam sai an kusa 11. Ga tarkon: tutiya da dalma suna sake narkewa idan aka wuce 10.5 zuwa 11. Mai zuba layim da shebur yana cewa gara ya yi yawa, shi ne ke mayar da dalmar cikin ruwa da hannunsa. Ga yawancin ruwan dalma da tutiya a tsaya a 9.5. In gwaji ya nuna kadmiyam bai sauka ba, a yi masa mataki na biyu daban bayan an raba lakar farko.

Yadda ake gano ma'auni: a dama kilo ɗaya na layim a lita 10, kowane mililita ya zama kimanin kashi ɗaya cikin goma na giram. A ɗebi lita 10 na ruwan ramin a bokiti, a riƙa zuba damammen kaɗan-kaɗan ana motsawa, ana jira minti biyar kafin a auna. Idan mililita 20 suka kai shi 9.5, giram 200 ke nan ga lita 1,000. Ramin da ake zuƙe wa lita 50,000 a rana zai ci kilo 10. A aikace duro ake ɗorawa a kan mashiga da famfo a gindinsa yana ɗiga, ruwan ya bi lambatu mai lanƙwasa da duwatsu don ya gauraya ya sha iska, sannan ya shiga tafki. Layim yana kwanciya a gindin duro ya toshe famfon, don haka sai an sa mai motsawa duk rabin awa. A sa safar hannu da tabarau, yana ƙona ido. Buhun da aka bari a buɗe yana shan iska ya rasa ƙarfi. Ruwan da ya fito kuma ba a sake shi a 9.5, a bar shi a buɗaɗɗen tafki ya sauko tsakanin 6 da 9. Asenik ba ya bin wannan tsarin sosai, sai akwai baƙin ƙarfe mai yawa a ruwan da zai manne masa su kwanta tare.

Dutsen farar ƙasa da ba a ƙona ba yana jan hankali don ba ya son mai gadi: a cika lambatu da shi, ruwa ya bi. Amma da ƙyar yake kai pH 7.5 zuwa 8, wanda ya isa ya kashe tsami ya saukar da baƙin ƙarfe, bai isa tutiya da kadmiyam ba. Sannan tsatsa na lulluɓe duwatsun su daina aiki, za ku gan su sun koma ruwan goro. Wanda ake binnewa don hana iska shiga yana son ruwa ya zauna cikinsa kamar awa 15, kuma yana toshewa idan ruwan na ɗauke da alminiyam. Mataki ne na share fage, ba ya maye gurbin layim.

Fadamar da aka gina

Fili ne mara zurfi da aka daɓe, ruwan santimita 10 zuwa 30, aka dasa kacalla ko jema. Mutane na zaton ciyawar ce ke shanye ƙarfen. Kaɗan take sha. Aikinta ta rage gudun ruwa, ta ba tsatsa da ƙwayoyin halitta wurin kamawa, ƙarfen kuma a lakar ƙasa yake taruwa. Ba ta cin mai, ba ta cin wuta, fili take ci. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ga ruwan da ba shi da tsami ita ce murabba'in mita ɗaya na cire kimanin giram 10 na baƙin ƙarfe a rana, manganis kuwa rabin giram zuwa ɗaya. Ruwa lita 50,000 mai baƙin ƙarfe miligiram 20 a lita yana ɗauke da giram 1,000, fili murabba'in mita 100 ke nan. In akwai manganis miligiram 5 kacal a lita, shi kaɗai zai ci murabba'in mita 250 zuwa 500. Wanda ya yi fadama kamar tabarma ya ce ba ta aiki, lissafi ne bai yi ba.

Akwai nau'i na biyu da ake cika rami da taki, ɗiɗɗigar katako, ƙaiƙayi da tsakuwar farar ƙasa, ruwa ya ratsa ta ciki ba iska. Ƙwayoyin halittar da ke ciki suna fitar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ita kuma ta kama tutiya, dalma da kadmiyam su zama baƙar laka. Yana saukar da su ƙasa da inda layim ke kaiwa. Amma yana ɗaukar makonni kafin ya kankama, sanyin Jos na Disamba da Janairu yana rage masa kuzari, idan ya bushe da rani iska ta shiga ƙarfen ya sake fitowa, laka kuma na toshe shi in ba tafki a gabansa.

Gargaɗi ɗaya da ba a sassauci a kansa: kada a tura ruwan da ke da zaiba cikin kowace irin fadama. Waɗannan ƙwayoyin halittar su ne ke mayar da zaiba nau'in da ya fi guba, wanda ke taruwa a jikin kifi ya kai ga mai ci. Kuma kada a bar shanu su yi kiwo a ciki, kada a yanki jemar a yi zana. Kainuwa ma tana tara ƙarfe, amma in ba a kwashe ta ba ta ruɓe ta mayar da shi.

Gawayi da makamantansa

Gawayin ƙashi ya fi kowane kama dalma, domin sinadarin ƙashi yana haɗuwa da ita su zama dutsen da ba ya narkewa. Ana ƙona ƙashin mahauta a rufaffen duro da zafin digiri 400 zuwa 600, ya fito baƙi ko toka-toka mai duhu. Wanda ya yi fari ya ƙone da yawa, wanda ke wari bai ƙonu ba. A daka, a tankaɗe, a ɗauki ƙwayar milimita ɗaya zuwa uku, a wanke. Gawayin ƙaiƙayin shinkafa da na totuwar masara suna aiki amma ba su kai shi ba. Marmara da garin baƙin ƙarfe sun fi dacewa da asenik.

Iyakarsa ita ce yana cika, kuma ba ya sanarwa. Ruwa zai ci gaba da fita garau alhali dalmar na wucewa. A ɗauka kilo ɗaya yana riƙe giram 10 kafin ya cika. Ruwa lita 50,000 mai dalma miligiram 2 zai cinye kilo 10 kullum. In layim ya riga ya saukar da ita zuwa 0.1, rabin kilo ya isa. Shi ya sa wurinsa a ƙarshen layi yake. Duron lita 200 da ruwa ke zama cikinsa rabin awa yana tace kimanin lita 7,000 a yini da dare, ku lissafa duro nawa kuke buƙata. A jera biyu-biyu, ruwa ya shiga ta ƙasa ya fita ta sama, a riƙa gwada ruwan da ke tsakaninsu. Da na farko ya fara zubar da dalma, a cire shi, na biyu ya koma gaba, sabo ya zo baya.

Na'urorin lantarki

Akwai wadda ake jera farantan ƙarfe a cikin tanki a ba su wutar batir ko ta sola, farantin ya riƙa narkewa yana kama laka, asenik da sauran ƙarafa. Amfiya ɗaya a awa ɗaya na narkar da kimanin giram ɗaya na baƙin ƙarfe, don haka lissafinta a fili yake. Ba ta buƙatar sayen alimun, ta dace da ƙaramar masana'antar tace ma'adini mai ruwa kaɗan da ma'aikaci tsayayye. Faranti na yin datti su daina aiki in ba a juya wayoyin lokaci-lokaci ana kankarewa ba, tana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta don haka ba a rufe ta a ɗaki, ruwan duwatsun Filato kuma ba shi da gishiri sosai, sai ta ci wuta fiye da yadda mai sayarwa ya faɗa. Na'urar matsa ruwa ta fatar tacewa, irin ta masu fiya-wata, ku bar ta. Laka na kashe fatar cikin kwanaki, kuma wani kaso mai yawa na ruwan yana fitowa ta baya da dukan ƙarfen a tattare.

To, wanne ga wa?

Mai wankin kuza da kolombayit: tafkuna uku, alimun in yumɓu ya ƙi kwanciya, a maido da ruwa. Yawanci iyakar abin ke nan. Mai ramin dalma da tutiya: lambatun kewaye, layim zuwa 9.5, tafkuna, sannan fadama in akwai fili ko gawayin ƙashi in babu. Idan za a bar ramin a tashi alhali yana ci gaba da tsiyaya, ba mai zama yana motsa duro, to dutsen farar ƙasa da ramin taki ne kawai za su iya aiki ba mai tsaro.

Mai zinari kuwa tacewa ba za ta cece shi ba in yana zuba zaiba a cikin dukan niƙan. A fara tattara zinarin da wanki, a haɗa zaibar da ɗan abin da ya rage a cikin baho na siminti da ruwansa ba ya fita ko'ina, a ƙona a rufaffiyar tukunya mai maido da tururin. Kada a zuba sayanaid, gubar nan da ake narkar da zinari da ita, a kan ragowar niƙan da ya taɓa zaiba, yana narkar da ita ya yaɗa ta. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Minamata kan zaiba a 2018. Gubar dalmar da ta kashe yara kimanin 400 a Zamfara a 2010, ta kuma sake ɓulla a Shikira ta Jihar Neja a 2015, ƙurar niƙan dutse a cikin gidaje ce ta jawo ta. Niƙa da ruwa yana kashe ƙurar, amma dalmar ta koma cikin ruwan da lakar, don haka mai jiƙaƙƙen niƙa dole ya yi tafki.

Duk hanyar da kuka zaɓa, ƙarfen bai ɓace ba, laka ya koma, kuma a nan aiki da yawa ke lalacewa. Lakar layim kusan duk ruwa ce, busasshen abin da ke ciki bai fi kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari ba. A kwashe ta idan ta kai sulusin zurfin tafki, a zuba a kan gadon yashi da tsakuwa mai kaurin santimita 30, ruwan da ya tsane ya koma tafkin farko. A kwashe ta tana da ɗanshi, kada a bari ta zama ƙurar da hunturu zai kai cikin gari. A binne ta a daɓaɓɓen rami a kan tudu, nesa da rijiya, ba tare da tulin dutse mai tsami ba don zai sake narkar da ita, a rufe da yumɓu rabin mita, a sa alama. Gawayin da ya cika da lakar fadama duk can za su. Baƙin yashi mai nauyi da ke taruwa a tafkin farko na wankin kuza yana iya ƙunsar ma'adinan monazait da zakon, masu fitar da tururin nukiliya. Ba a yin yaɓe ko bulo da shi, ba a tara shi a tsakar gida ana jiran mai saye, kuma hukumar kula da harkokin nukiliya da ke Abuja ce ke da hurumin auna shi. Lasisin ƙananan masu haƙa yana ƙarƙashin dokar ma'adinai ta 2007, ruwan da ake saki kuma hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, ke sa ido a kansa, don haka a ajiye littafi a bakin tafki, kullum a rubuta pH na mashiga da na mafita, kilon layim ko alimun da aka zuba, da ranar da aka kwashe laka.